Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen jirgin ruwa mai filafili wanda ake ja da mota don fita da iyali

A jihar Michigan ta Amurka nake zaune da iyalina, inda duk ta inda ka juya ruwa ne. Duk ɗan uwan da ya kawo mana ziyara ya ga jirgi a kan tirela a gefen gareji, sai ya zagaya shi ya fara tambaya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne. Wasu sha'awa ce kawai, wasu kuwa da gaske suke, har sun fara duba farashi. Domin waɗannan na biyu na tattara amsoshin nan.

Wane irin jirgi ake nufi tukuna?

Jirgi ne da iska ke turawa, tsawonsa daga ƙafa 17 zuwa 26, mai ɗan ɗaki a ciki inda za a kwanta, a dafa abinci, a fake wa ruwan sama. A tsakiyarsa akwai jigo, wato dogon sandan alminiyam da ake ɗaga filafili a jikinsa. A ƙarƙashin jirgin akwai wani ƙarfe mai nauyi ko allo da ke nutse cikin ruwa, ana ce masa kil, shi ke hana iska kifar da jirgin ko tura shi gefe. A baya kuma ana maƙala ƙaramin inji na shiga da fita tasha, da ranar da iska ta ɗauke. In an gama, a kwantar da jigon, a ja jirgin kan 'yar tirelarsa, a ɗaura a bayan mota a koma gida.

Me ya sa ba za a sayi babba a bar shi a ruwa ba?

Kuɗin hayar gurbi a tashar jirage a shekara guda yakan kai kuɗin tsohon ƙaramin jirgi gaba ɗayansa, ga kuɗin fitar da shi da ajiya lokacin hunturu, domin a nan arewa ruwa daskarewa yake yi. Mai tirela ba ruwansa da wannan. Amma abin da ya fi burge ni shi ne jirgin da ke tafiyar kilomita 8 a awa a kan ruwa yana yin 90 a kan titi. Wurin da mai babban jirgi zai kwashe mako biyu kafin ya isa, kai ka tashi bayan asuba, kafin la'asar ka jefa anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi wuri guda, a can.

Kowa ya ci zomo dai ya ci gudu. Kowace fita sai ka tayar da jigo ka sauke, kuma ɗakin ƙarami ne, mafi yawansu ba a miƙewa tsaye a ciki.

Daga ina zan fara zaɓe?

Daga motarka. Na san ba amsar da ake so ba ke nan, domin kowa hotunan jirage yake son dubawa. Buɗe littafin motar ka ga nauyin da kamfani ya yarda ta ja. Ƙananan motocin jif da yawa ba su wuce kilo 680 ba. Motocin iyali irin Toyota Sienna da Honda Odyssey suna jan kimanin kilo 1,590. Daga nan sai manyan jif da a-kori-kura.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne nauyin da ke rubuce a takardar jirgi na jirgin ne tsurarsa. Tirela kaɗai za ta ƙara kilo 300 zuwa 500. Ga inji, ga batir, ga tankin mai, anka da sarƙarta, jarkokin ruwa, kula cike da ƙanƙara, tukwane, barguna, kayan yara. Catalina 22 da aka rubuta masa kilo 1,000 da 'yan kai, ranar tafiya sai ka ga ya doshi 1,600. Ka ga Sienna ta kai maƙura ke nan, alhali ba a lissafa mutum biyar da ke cikinta ba. Ni ina son a bar wa mota rarar kashi 20 cikin 100, saboda hawa da zafin rani da birkin gaggawa. Kafin ka biya kuɗi, roƙi mai jirgin ku ja shi zuwa sikelin manyan motoci da ke gidajen mai na bakin babbar hanya. Kuɗin awon bai taka kara ya karya ba, kuma lambar da sikeli ya bayar ita ce gaskiya.

Sai faɗi. A yawancin jihohin Amurka abin da ya wuce ƙafa 8 da rabi sai da takardar izini, a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai iyakar mita 2.55 ce. Akwai jiragen ƙafa 26 da ake tallar su da sunan na tirela alhali sun ɗan haura wannan, don haka auna da kanka. Birki ma akwai doka: a Michigan da jihohi da dama tirelar da ta kai kimanin kilo 1,360 sai da birkinta, a Ingila kuwa da ta wuce kilo 750.

Ka kuma tuna da gangaren da ake saukar da jirgi. Siminti ne da gansakuka ta lulluɓe, santsi kamar kuɓewa. Motar da ke ja da tayoyin gaba takan tsaya tana juya taya a banza in za ta fito da jirgi mai nauyi, domin nauyin ya koma baya.

Mu biyar ne. Ƙafa nawa za ta ishe mu?

Kada ka yarda da yawan gadajen da ke cikin talla. In an ce jirgi na kwanan mutum biyar ne, ana nufin akwai katifu biyar, ba a ce akwai inda za a ajiye jakunkunan mutum biyar ba. Da dare kayan da ke kan gado sai sun koma waje, da safe su dawo.

Abin da na gani shi ne ƙafa 17 zuwa 19 na miji da mata ne da ƙaramin yaro ɗaya ko biyu, kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙafa 21 zuwa 23 za ta ɗauki iyaye da yara biyu ko uku 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu a ƙarshen mako cikin walwala, kuma za a iya mako guda in ana sauka tudu kullum. Ƙafa 25 zuwa 26 ita ce ta mako guda sosai, da ban ɗaki mai ƙofa, amma nauyi da wahalar jigo sun ninka. Catalina 25 mai kil ɗin lilo ya kusa kilo 1,900 shi kaɗai, kafin tirela. Wannan sai a-kori-kura.

Ra'ayina, kuma a kansa nake tsaye: sayi mafi ƙanƙantar jirgin da iyalinka za su yarda su kwana a ciki. Na ga jirage masu kyau na ƙafa 26 da ciyawa ta tsiro tsakanin tayoyinsu, saboda mai shi in ya tuna awa biyu na haɗawa da awa biyu na kwancewa sai ya ce sai mako mai zuwa. Mai ƙafa 19 kuwa ranar Asabar da hantsi zai ga ganyen bishiya na motsi ya ce wa yara su sa takalma.

In za a je dubawa, a tafi da kowa. Uwargida ta shiga ta zauna, ta ga ko kanta na bugun rufi. Kai ka kwanta a gadon ka miƙe ƙafa. A rufe ƙofa a zauna minti goma a ɗauka ana ruwan sama. Wurin zama na waje, inda ake tuƙi, shi ne tsakar gidanku, a nan za ku wuni, don haka a gwada ko zai ɗauke ku duka ba tare da sandar tuƙi na dukan gwiwar kowa ba. In yaran sun fara girma, mace da namiji, dole a yi tunanin raba makwanci. Mu rumfa muke kafawa a wajen da tamfol a kan sandan filafili, babban yaron ya kwana can.

Kil kala nawa ne, wanne ya fi?

Huɗu za ka riƙa gamuwa da su.

Akwai mai lilo, ƙarfe ne mai nauyi da ke rataye da ƙusa guda, ana ɗaga shi da waya a naɗe shi ƙarƙashin jirgi. Na Catalina 22 ya kai kilo 250. In an sauke shi jirgin na cin ruwa ƙafa 5, in an ɗaga ƙafa 2 kacal. Yana tafiya da kyau in ana fuskantar iska. Aibinsa shi ne wayar da ƙusar suna cikin ruwa inda ido ba ya gani, suna cinyewa a hankali, kuma ranar da waya ta tsinke ƙarfen zai faɗo da ƙarfin da zai iya tsaga jirgin. A canja wayar duk bayan 'yan shekaru ko da ba ta nuna komai ba.

Akwai gajeren kil kafaffe, irin na Com-Pac 16 da Com-Pac 23 da aka ƙera a Florida. Babu abin da ke motsi, babu abin lalacewa. Sai dai jirgin na zama sama a kan tirela, sai an tura ta can cikin ruwa kafin ya taso, kuma iska na ɗan zame da shi gefe.

Na uku ya haɗa biyun: gajeren kil mai ɗauke da nauyin, da allo marar nauyi da ke saukowa daga cikinsa da igiya. Precision 21 da 23, zanen Jim Taylor, haka suke, da wasu daga cikin jiragen kamfanin O'Day. Don iyali wannan na fi so, domin ko allon ya maƙale nauyin yana nan a ƙasa, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya ja ya ɗaga.

Na huɗu shi ne mai tankin ruwa, wanda ya cancanci tambayarsa daban.

An ce jirgi mai tankin ruwa yana kifewa. Gaskiya ne?

Dabarar mai kyau ce. Maimakon ka riƙa jan ƙarfe a titi, in ka sa jirgi a ruwa sai ka buɗe wata kafa, ruwa fiye da kilo 500 ya cika tanki a gindinsa, ka toshe. In ka fito ka zubar. Da haka jirgin ƙafa 26 ke zama abin da matsakaiciyar mota za ta ja. Kamfanin Roger MacGregor na California ya yi suna da wannan, ya ƙera MacGregor 26 iri-iri har zuwa 2013. Samfurin 26X da 26M suna ɗaukar babban inji mai ƙarfin doki 50 zuwa 60, suna gudu kamar jirgin inji. Hunter ma ya yi irinsu, 240 da 260.

In tankin ya cika, an toshe, jirgin lafiya lau yake, sai dai yakan karkata da wuri fiye da mai ƙarfe, abin da ke tsorata sabon shiga. Haɗarin yana wurin tanki wofi ko rabi, domin ruwan rabi yana kwarara zuwa ɓangaren da jirgi ya karkata. A 2002 a tafkin Champlain na jihar Vermont wani MacGregor 26 ya kife da dare, tankinsa ba ruwa, an cika shi da mutane, yara biyu suka rasu. Wanda ya san shi mai mantuwa ne, ko zai riƙa ba da aron jirgi, gara ya nemi mai ƙarfe.

Akwai kuma batun wata 'yar ƙumba mai zane da aka fara gani a tafkin St. Clair a 1988, ta bazu tana toshe bututun ruwa tana kashe halittun asali. Ƙwayayenta na tafiya cikin ruwan tanki. Tun 2019 dokar Michigan ta ce a cire toshiya a zubar da ruwa, a cire ciyayi, kafin a hau titi da jirgi.

Tayar da jigo fa, mutum ɗaya zai iya?

Wannan ne ke raba jirgin da ake fita da shi da wanda ke zaman gareji. Jigon jirgin ƙafa 22 ya kai tsawon ƙafa 25. Nauyinsa ba wani abu ba ne a kwance, amma in ya kai rabin tashi, kana tsaye a kan rufin ɗaki a saman tirela, iska ta bugo daga gefe, sai ya zama wani abu dabam. Har ƙafa 19 namiji mai lafiya zai ɗaga da hannu. Daga 22 zuwa sama a nemi sandar taimako da fuli, da igiyoyin gefe masu hana shi kaucewa. Da su nake tayar da nawa, uwargida na riƙe da igiya tana duba kada waya ta sarƙe. Daga tsayar da mota zuwa shiga ruwa minti 45 muke yi. Farkon fara mu awa ɗaya da rabi ne.

Ka ce wa mai sayarwa ya tayar a gabanka, ka duba agogo. In ya fara kawo uzuri, ka sami amsarka.

Abu guda kuma da nake roƙon kowa don Allah: kafin ka taɓa jigo, ɗaga kai ka duba wayar lantarki, tun daga inda ka tsaya har bakin ruwa. Alminiyam ne, kuma mutane sun mutu ta haka a filin ajiye motoci, ba su ko taɓa ruwa ba.

To faɗa mana suna. Wanne zan nema?

In a Amurka ko Kanada kake kuma wannan ne jirginka na farko, fara da Catalina 22. Frank Butler ya fito da shi a 1969, an ƙera fiye da 15,000. Ba shi ne mafi gudu ko mafi kyau ba, amma kowane ƙarfe nasa ana samunsa, duk matsalar da za ta same ka ta taɓa samun wani an san maganinta, kuma ranar da za ka sayar akwai mai saye. Da yawansu suna da rufin da ake ɗagawa in an tsaya, har a miƙe tsaye a dafa abinci.

Mai ƙaramar mota ya duba West Wight Potter 19, kilo 550 da ɗoriya, gado huɗu. Asalin zanen Potter daga tsibirin Wight na Ingila ne, na Stanley Smith. Montgomery 17, zanen Lyle Hess, ƙarami ne amma yana jure ruwa mai tashi fiye da girmansa. Precision 23 na da ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. 'Yan uwa na Ingila za su fi cin karo da Cornish Shrimper 19 da Drascombe, da jiragen Swallow da ake ƙerawa a Wales masu tankin ruwa. Mai kuɗi da son gudu akwai Corsair F-27 na Ian Farrier, mai gangar jiki uku da ake naɗewa, amma ba da shi ake koyo ba.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Jikin faiba ba ya ruɓewa, shi ya sa jiragen shekarun 1970 da 1980 ke nan birjik da araha. Abin da ke ruɓewa katakon da aka saka tsakanin faiba biyu na rufi ne. Cire takalmi ka taka ko'ina, musamman gindin jigo da inda aka ɗaure ƙarafa. In ka ji wuri na lotsawa kamar katifa, ruwa ya shiga. Ɗauki ƙotar sukudireba ka riƙa ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya na amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum kamar kankana. Lotsawa a gindin jigo dalili ne na juyawa ka tafi.

Shiga ɗaki ka shaƙa. Warin rima da baƙin layi a bango na nuna inda ruwa ya taɓa kwanciya. Bi wayoyin da ke riƙe jigo da tsumma a hannu, in zare ya kama to waya ta fara tsinkewa. Shimfiɗa filafili a ƙasa: mai rai yana da ƙarfi yana ƙara in an murza, wanda ya mutu laushi gare shi kamar tsohon zane, ɗinkinsa na ɓarkewa in ka ja da farce. A tayar da inji yana sanyi a cikin durom na ruwa, ka ga yana fitar da ruwan sanyaya shi.

Araha ba ta ado. Sabon filafili biyu da inji da tayoyi za su iya fin kuɗin jirgin. Jirgin da ake fita da shi har makon jiya, ko ya fi tsada, ya fi wanda ya shekara biyar a rufe. Kuma kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardun mallaka biyu, na jirgi da na tirela, lambobinsu sun yi daidai da na jikinsu.

Ita tirelar akwai abin dubawa?

Rabin cinikin ke nan, kuma ita ce ke barin mutum a hanya. Tafiyarmu ta biyu, muna kan babbar hanya da yara a baya, na hango hayaƙi ta madubi. Boris ɗin taya ne ya ƙone. Wanda ya sayar mini ya ce ya sa giris a shekarar, ni kuma ban buɗe na gani ba. Awa huɗu muka yi a gefen titi, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Dalilin a fili yake: boris ya yi zafi a tafiya, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, sai ya zuƙi ruwa ya fara tsatsa. Tun ranar nake buɗe su duk farkon bazara, nake tafiya da na sauyi da jak, kuma duk tsayawa sai na dafa cibiyar taya da hannu. Ɗumi ba komai, zafin da ba ka iya riƙewa kuwa a tsaya.

Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Ta wuce shekara shida a canja. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya zama kashi 7 zuwa 10 na duka, in ya gaza haka tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a gudu. Wanda zai shiga ruwan gishiri ya nemi tirela mai rufin zinki ko ta alminiyam.

Yaya ake yi da ban ɗaki, girki da sallah?

Wannan ce tambayar da mata ke yi, kuma ita ce ke yanke ko za a sake fita. A ƙananan jirage ban ɗakin wani ɗan akwati ne mai tanki, ana ajiye shi ƙarƙashin gadon gaba, labule ne sitirarsa. Ga mutum biyar kwana biyu yake cika, kuma haramun ne a doka a zubar a tafki, sai an kai tasha. Mu da ke amfani da buta ya fi saurin cika, a sa wannan a lissafi. In uwargida ta ce ba za ta iya da labule ba, kada a yi mata gardama, a nemi ƙafa 25 mai ƙofa.

Girki a risho mai kai ɗaya ne. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya gindin jirgi yake taruwa yana jiran tartsatsi, don haka tukunyar gas a waje take kwana. Kada a kunna wuta a rufe ƙofa don jin ɗumi, hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci. Mu daga gida ake soya miya a daskarar, ta zama ƙanƙarar kula kwana biyun farko. Sai shinkafa, taliya, garin kwaki, dambun nama, kilishi in an samu. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana.

Alwala ba ta cin ruwan jarka, guga da igiya kawai, kuma ko a teku ne ruwansa mai tsarki ne. Alƙibla daga Michigan arewa maso gabas take, kamfas ɗin jirgi na gabanka. Jirgi a kan anka yana juyawa da iska, shi ya sa in da hali muke sauka tudu. Sallar magariba a kan dutse, yara a sahu, ba motsin kowa sai ruwa, tana cikin abin da ya sa ban taɓa nadamar sayen jirgin nan ba.

Nisan nawa ake yi a rana?

Jirgin ƙafa 22 ba ya wuce kimanin kilomita 11 a awa komai iska, domin igiyar ruwan da shi kansa ke tayarwa ke tare shi. A aikace 7 zuwa 8 ne. Da yara, awa uku zuwa huɗu ta isa, wato kilomita 25 zuwa 30, a isa da wuri su yi wanka. A tafiyar mako a ware kwana biyu na zaman jiran iska ta lafa.

Ban iya iyo ba, yarana ma haka. Mu haƙura?

A'a, amma a shiga ajin iyo tun hunturu, kai ma har da kai, ba abin kunya ba ne. Sannan ka yi kwas na tuƙin filafili na kwana biyu ko uku kafin ka sayi komai. A Michigan wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1996 sai da takardar shaidar koyon tsaro kafin ya tuƙa jirgi mai inji.

Alƙaluman rundunar tsaron gaɓar ruwan Amurka shekara da shekaru suna nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar kariya. Dokar tarayya ta wajabta ta ga yaron da bai kai shekara 13 ba, jihohi kuma na da nasu. A jirgina kowa ke sawa, ni ne na farko, domin yaro abin da ya gani yake yi. Ta yara ta zama mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Ruwan manyan tafkunan nan sanyi gare shi ko a Yuni, yana ɗauke numfashin gwanin iyo ma. A riƙe rediyon jirgi a tasha ta 16, ta neman agaji, kada a dogara da waya. A rage filafili tun iska na haramar tashi. Kuma uwargida ta koyi sauke filafili da tayar da inji, saboda in kai ne ka faɗa ruwa ita ce za ta dawo ta ɗauke ka.

A gida Najeriya za a iya?

A Legas akwai kulob na masu jirgin filafili tun 1932, can ne wurin tambaya. A arewa ruwa akwai, ga Kainji ga Tiga, amma sai an shigo da jirgin da kayan gyaransa, kuma babu gangaren siminti da jiragen ceto irin na nan. Wanda zai gwada ya fara da ƙarami marar ɗaki, ya nemi Sarkin Ruwa da masuntan wurin su nuna masa inda kututture da duwatsu suke.

Mun saya. Ina za mu fara zuwa?

Daren farko a ƙofar gida, jirgi na kan tirela. Ku kwana a ciki, ku dafa shayi, ku rubuta duk abin da kuka koma cikin gida ɗaukowa. Sannan ranar Lahadi da safe ka je filin da ba kowa ka koyi ja da baya da tirela, hannu a ƙasan sitiyari, inda hannun ya nufa can tirela za ta bi. Fita ta farko a ƙaramin tafki, ranar aiki da ba layi a gangare, iska mai laushi, awa biyu a dawo tun yara ba su gaji ba. Wanda jiri ke kamawa ya zauna waje ya kalli nesa, a ba shi sandar tuƙi.

In an yi bazara guda ana haka, sai a tsara ta mako. Mu tsibiran Les Cheneaux muka fara, guda 36 a arewacin tafkin Huron, ruwa a kwance tsakaninsu. Shekara ta gaba muka ɗauki fasfo muka tsallaka Kanada ta Sault Ste. Marie, muka saka jirgi a garin Spanish na Ontario, muka shiga North Channel, wani mashigi na tafkin Huron. A tsibiran Benjamin duwatsun ja-ja ne masu santsi, manyan jirage na tsaye can nesa a kan anka, mu kuwa muka ɗaga kil muka shiga wani lungu da ruwansa bai kai ƙugu ba, muka ɗaure igiya a jikin bishiya, ƙaramar 'yata ta taka daga jirgi zuwa dutse da butarta a hannu.